Ni Allurar Baya, Baba Allurar Barci

Ƙaba ta kama ni ne a gonar shinkafa, can wajen Bakura, ranar da muke kwashe shanshera, shinkafar da ba a sussuke ɓawonta ba. Ni malamin firamare ne a Talata Mafara, amma duk wanda ya zauna kusa da ruwan dam, ko alƙali ne sai ya taɓa noman rani. Na sunkuya na ɗaga buhu don in nuna wa ’yan ƙwadago cewa alli bai cinye mini ƙarfi ba, sai na ji wani abu ya ce ɗis a ƙasan marata, ɓangaren dama. Na ajiye buhun a hankali, na ce musu waya ake yi mini.

Da farko ƙullutun bai wuce lemon tsami ba. In na kwanta ya koma ciki, in na yi tari ya leƙo. Na yi ta ɓoyonsa har ya kai mangwaro, kuma ba ƙaramin mangwaro ba. Ran nan maiɗakina ta tsaya ta dube ni ina ta fama da tazugen wando, ta ce, “Malam, ko dai ka tafi asibiti, ko ka bari in saƙa masa hula.” Washegari na tafi. Likita ya duba, ya ce tari, na yi tari, ya ce aiki za a yi. Ya sa mini rana.

Na gargaɗi maiɗakina kada labari ya kai gida. Gidanmu yana wajen Faru, a ƙasar Maradun, kuma a can mahaifina yake. Ni ne ɗansa na fari, ga shi an sa mini sunan mahaifinsa, kunya ta zama biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. “Wancan” yake ce mini. Ko muna zaune a tabarma ɗaya, gwiwata na kusan taɓa tasa, sai ya juya wajen ƙanena ya ce, “Ce ma wancan ya duba zancen taki.” Ƙanena ya juyo ya maimaita mini abin da na riga na ji, ni kuma in ba shi amsa ya mayar. Haka muka rayu, kuma ba mu ga laifin haka ba. Mutum ne dogo, mai tsare gida, ban taɓa ganin haƙorinsa na dariya ba. Irin wannan mutumin ne zan aika wa cewa an yanka ni a wurin da ba a faɗa? Allah ya kiyaye.

An kwantar da ni ana gobe aiki. Da yamma wata mata ta zo gefen gadona, gajeriya, mai tabarau a kan hanci. Kirista ce ’yar wajen Zuru, ta daɗe a Mafara har Hausarta ta fi tawa daɗi, kowa Sista yake ce mata. Ta ce ita ce mai kashe zafi a ɗakin tiyata. Ta sa na buɗe baki, na fito da harshe, na ɗaga kai sama. Ta tambaye ni ko akwai haƙori mai girgiɗi, ko ina da asma, ko akwai maganin da yake sa mini ƙaiƙayi ko kumburi, ko an taɓa sa ni barci. Sannan ta ce in juya, ta bi ƙashin bayana da babban yatsa kamar mai zaɓen rake.

“Malam, aikinmu murhu ne,” in ji ta, “duwatsu uku gare shi. Kada mutum ya ji zafi. Naman jikinsa ya saki, don likita ya samu wurin aiki. Na uku, in da bukata, kada ya san abin da ake yi. To hanya biyu ce. Ko in sa maka magani a jijiya ka yi barci gaba ɗaya, ni in zauna ina gadin numfashinka. Ko in yi maka allura a baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na ɗan lokaci, kai kuma idonka biyu.”

Ni ba wuƙa nake tsoro ba. A majalisarmu ta mai shayi na sha jin cewa wanda aka yi wa allurar barci surutu yake yi, ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Ba ni da wani babban asiri, amma mutum bai san abin da ke ƙasan tukunyarsa ba sai an juye ta.

“Sista, da gaske ana surutu?”

“Ya danganta da magani. Akwai wani fari kamar nono, shi mutum lumshe ido kawai yake yi, ya farka kamar ya yi ƙailula. Akwai ketamin, shi kam yakan kawo mafarki, wasu su farka da waƙa.”

“A kashe rabin,” na ce da sauri.

Ta yi dariya ta ce dama bayana mai kyau ne, ƙofofinsa a buɗe suke. Ta ce in na ci tuwon dare in rufe baki, ba abinci ba fura. Na ce ai ni ba barci za a sa ni ba. Ta ce in allurar baya ta ƙi, barcin za a koma, kuma mai barcin magani ba ya iya tari, in abinci ya taso sai ya faɗa huhu. Na ce na ji.

Da safe aka ba ni rigar tiyata, wata shuɗiya mai igiyoyi a baya, wadda ba ta rufe abin da ya kamata riga ta rufe. Aka zaunar da ni a benci a ƙofar ɗakin tiyata, ba hula, ba wando, na matse bayana da bango. Ina zaune ina salati sai na ji takun da na sani. Na ɗaga kai. Ƙanena ne, riƙe da hula da carbi da takalman wani. A bayansa ga wani dogon tsoho cikin shuɗiyar riga irin tawa, ya kai hannu baya ya damƙe igiyoyin, ƙwaurinsa a waje.

Baba.

Ya tsaya. Na miƙe. Sai na tuna ba a gaida uba a tsaye, na tafi zan durƙusa, sai na tuna rigar ba ta da baya, kuma akwai nas biyu a bayana. Na tsaya a tsakiya, ba a tsaye ba, ba a durƙushe ba, hannu ɗaya a baya, ɗaya a mara.

“Baba, ina kwana.”

“Lahiya.” Bango yake kallo.

“An tashi lahiya?”

“Lahiya lau.”

“Ya su Inna? Ya mutanen gida?”

“Suna lahiya.”

“Ya… ya jiki?”

Sai ya juya wajen ƙanena. “Tambayi wancan mi ya kawo shi.”

Ƙanena ya buɗe baki, ya dube ni, ya dubi hannuna a mara, ya dubi hannun Baba da shi ma ya koma mara, nasa a hagu. Sai ya cusa hular Baba a baki. Kafaɗunsa suka shiga rawa, hawaye na zuba. Ya ruga waje, muna jiyo shi daga bayan taga yana shaƙewa yana cewa, “Barewa ba ta gudu… wayyo cikina… ɗanta ya yi rarrafe!”

Ashe Baba ya fi ni daɗewa da tasa. Ya zo a ɓoye makonnin baya, an duba shi, an sa masa rana, ya ce kada wanda ya gaya wa wancan. Asubar fari suka taso daga gida.

Muka zauna a benci ɗaya, shi a wancan ƙarshe, ni a wannan, kowa ya manna baya da bango. Sista ta fito ta dube mu, ta sauke tabarau.

“Af! Kun san juna?”

“Mahaifina ne,” na ce a hankali.

“Ikon Allah! Shi ya sa na ga hancin iri ɗaya.” Ta gaida Baba har ƙasa, ta sake duba shi. Bayansa ya riga ya lanƙwashe ya ƙage, shekarun garma da wata faɗuwa daga kan raƙumi sun haɗe ƙasusuwan, ta ce allura ba za ta sami ƙofa ba. Baba ya ce dama shi ba ya zama ido biyu ana fiɗarsa kamar rago. Sai ta tsaya tana kallon kumatunsa.

“Baba, mene ne a bakinka?”

“Ba komi.”

“Buɗe in gani.”

Ɓarin goro ne, ya ajiye shi a gefe. Ya ce goro ba abinci ba ne, abokin hira ne, kuma bai haɗiye ba. Ta miƙa masa ƙaramin kwano ya tofar, ta ce duk da haka shi ne na ƙarshe yau, sai cikinsa ya huta. Ni aka fara kira. Na shiga da baya da baya, don kada in juya wa mahaifina abin da rigar ta bari.

Ɗakin sanyi ƙalau, ga fitila babba kamar faifai a sama. Aka sa mini ƙarin ruwa a hannu, aka ɗaura abin awon jini a damtse, aka maƙala wani abu a yatsa, wata na’ura ta fara ƙit, ƙit, ƙit. Sista ta ce zuciyata ce. Da na ji haka sai na’urar ta ƙara sauri, kowa ya ji tsorona a fili.

“Zauna, rungumi matashin nan. Sunkuyar da kai, turo bayanka waje kamar kyanwa ta ga kare. Yauwa. Kada ka motsa.”

Ta goge bayan da wani abu mai sanyi. Ta ce za ta fara da ’yar ƙaramar allura, lidoken, don fata ta mutu. Na ji kamar cizon cinnaka, shi ke nan. Bayan haka sai dannawa kawai nake ji. Ta ce ta isa, ga ruwan baya ya ɗigo garau, yanzu za ta tura maganin. Na tambayi sunansa, don malami ba ya barin tambaya ko a bakin kabari.

“Bufibaken. Mai nauyi. An haɗa shi da sukari don ya gangara ya kwanta inda muke so.”

Ban san me ya sa ba, wannan magana ta ba ni dariya. An zuba mini sukari a baya kamar kofin shayi! Aka kwantar da ni da sauri ina ƙyaƙyatawa. Sai ɗumi ya taso daga tafin ƙafa, irin ɗumin ruwan fadama da la’asar, ya hau ƙwauri, ya hau cinya. Ta ce in ɗaga ƙafa. Na ba ƙafa umarni, ƙafa ta yi kunnen uwar shegu. Ta jiƙa auduga da abu mai sanyi ta taɓa kafaɗata. Sanyi. Ta taɓa ƙirji. Sanyi. Ta gangara wajen cibiya, na ji an taɓa amma ba sanyi. Ta ce madalla, ya kai inda ake so.

Can na hango wani ma’aikaci ya ɗaga wata ƙafa baƙa mai kaushi yana gyara mata wuri.

“Ƙafar wa ce wannan?”

“Taka ce, Malam.”

“Kai! To a gaishe ta. A ce mata ta riƙa shafa mai.”

Aka kafa wani ƙyalle a kan ƙirjina ya tare mini gani. Ba a jima ba na ji hamma ta taso, zuciyata na tashi, gumi mai sanyi ya keto a goshi. Kafin in yi magana Sista ta riga ta gani a na’ura. Ta buɗe ƙarin ruwan ya riƙa gudu, ta tura wata allura a ciki. Ta ce jijiyoyin jinin ƙasa ne suka saki, jini ya gangara can ya zauna, kamar a buɗe ƙofofin ruwa na gonaki duka a lokaci guda, babbar magudana ta ja baya. Da manomin rani take magana, nan take na gane. Kafin ta rufe baki duniya ta dawo daidai, kuma ta dawo da wani irin daɗi. Ga ni a raye, ana yanka ni, ina jin ana ja ana turawa kamar ana neman abu a aljihuna, amma ko ɗigon zafi babu!

Sai bakina ya ɓalle. Na ba su labarin tsuntsayen da suka addabi shinkafata. Na ba su labarin babur ɗin hedimastanmu da ba ya tashi sai an karanta masa Fatiha. Na tambayi likita ko ya ga wani abin mamaki a ciki, ya ce hanji ne kawai irin na kowa, na ce a gaishe shi shi ma. Na fara koya wa mai miƙa almakashi yadda ake raba jimla. Sista ta leƙo ta saman kaina.

“Malam, ba kai ne mai tsoron surutu cikin barci ba?”

“Ni ne.”

“To da na sa ka barcin, da mun huta.”

Aka mayar da ni ɗakin maza, aka ce in kwanta shamɓar, kada in ɗaga kai. Maiɗakina na gefe tana yi mini fifita. A gadon da ke hagu akwai wani mutumin Garbadu da sa ya taka wa ƙafa, an naɗe ta da filasta har gwiwa, mutum mai son hira. Gadon dama babu kowa. Bayan azahar aka turo Baba, aka shimfiɗe shi a nan. Sista ta ce ta ga ya fi kyau uba ya farka kusa da ɗansa. Ƙanena na biye da hula da carbi.

Ta tara mu ta yi ƙasa da murya. Ta ce aiki ya yi kyau. Ketamin ta ba shi, don ba ya danne numfashi kuma ba ya kayar da jini. Ta haɗa masa da wani na tsayar da yawu, da wani na rage mafarki, “amma tsohon naku ƙarfi gare shi kamar ingarma.” Ta ce kada a yi hayaniya, kada a girgiza shi, kuma duk abin da ya faɗa a bar shi a nan.

Muka zuba masa ido. Idanun Baba a buɗe suke amma ba mu yake kallo ba, suna ta rawa hagu da dama. Leɓunansa suka motsa.

“Wa ya sa gadon ga cikin ruwa?”

Ya ci gaba.

“Ku tuƙa mana! Ku tuƙa mu kai Maradun!” Sai ya yi wata ’yar dariya siririya, irin ta yaro da aka yi wa cakulkuli. Ni da ƙanena muka dubi juna. Ba mu taɓa jin wannan sauti ba. “A’a, ya tashi sama! Ga Faru can ƙasa kamar faifai. Ga jakina. Kai, jaki, ga ni nan bisa!”

Ya ɗaga hannu ɗaya, wanda babu ƙarin ruwa, ya ɗaga murya ya shiga yi wa kansa kirari irin na ranar gayya. Shi ne garma mai fasa fako, shi ne mai tada kunyar gona kafin zakara ya gama cara, shi ne wanda in ya sunkuya samari ke neman inuwa. Mutumin Garbadu ya kasa haƙuri, ya ɗago daga matashi ya amsa, “Gaishe ka manomi!” Baba ya ƙara wani baiti. “Gaishe ka manomi!” Kafin a jima gadaje uku na amshi, har da wani da aka cire wa tsakuwa a mafitsara, yana yi a hankali yana riƙe da ciki.

Sai kan Baba ya juyo dama… ya juyo hagu, idonsa ya sauka a kaina. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira sunana. Sunan yanka, cikakke, da ƙarfi, kamar kullum yana kiransa.

Maficin maiɗakina ya tsaya a sama.

“Na’am, Baba.”

“Kai ne? Mi kaka yi nan kwance kamar kada?”

“Aiki anka yi mani, Baba.”

“Awo! Ni ma! Sun yanke mu tare!” Ya sake waccan dariya. “Jama’a, kun san wanga? Ɗana ne. Na fari. Ku dubi kunnuwanshi, nawa ne. Ranar da anka haihe shi na zagaya bayan rumbu na taka rawa, ni ɗaya. Kaji kaɗai sunka gani.”

“Allah ya raya!” in ji mutumin Garbadu, kamar yau aka haife ni.

“In na zo kasuwar Talata, sai in bi ta makarantarsu in laɓe bayan taga. Shina koya ma yara karatu. Murya kamar rediyo! In ce ma mai rake na bakin ƙofa, ka ji wancan? Nawa ne.”

A daidai lokacin maganin bayana ya fara saki, ina jin kamar kiyashi na yawo a ƙafafuna, wurin ɗinkin ya fara sanar da ni yana nan. Dariya ta taso mini tare da kuka, kowanne ya ja zaren ɗinki. Na danna matashi a mara, ina “wayyo”, ina dariya, hawaye na gangarawa cikin kunnuwan da aka ce nasa ne. Ƙanena ya zaro waya zai ɗauka. Sista, da ta dawo duba numfashin Baba, ta sa hannu ta rufe wayar.

“A’a. Abin da mutum ya faɗa cikin magani amana ne.”

Ya mayar da ita aljihu ba musu.

Ana cikin haka sai ga Inna ta yi sallama, da kwanon abinci a ɗaure cikin ƙyalle, ta biyo motar rana. Baba ya hango ta.

“Ga mai wushirya! Ke, zo ki shiga jirgin ga, akwai wuri!”

Inna ta daskare. Mace ce da ta aurar da jikoki. Ta ja mayafi ta rufe fuska. “La’ilaha illallahu! Mi anka ba shi?”

“Zo mana! Amma ki sani, miyar matar wanga ta hi taki. Kar ki gaya mata.”

Maiɗakina ta yar da mafici ta fita da gudu. Inna ta bi bayanta da kwano a hannu. Ta taga na hango su a gindin dalbejiya, suruka da surukarta, sun dafa juna suna dariya har suna durƙushewa. Daga baya na ji ashe Inna ta san komai tun farko. Maiɗakina ta gaya mata tawa, ta kuma san ta mijinta, har ta lura rana ɗaya ce. Da na tambaye ta, ta bakin ƙanena, me ya sa ba ta yi magana ba, sai ta ce, “Kowa ya ce kar in faɗa. Ni mi zan ce?”

A hankali jirgin Baba ya sauka. Ya yi barci na gaske. Da ya farka wajen la’asar sakaliya, fuskar nan ta dawo yadda muka santa. Ya nemi hularsa ya sa, yana kwance. Ya yi gyaran murya ya kira ƙanena.

“Ban dai ce komi ba?”

“Addu’a ka yi ta yi ma iyali, Baba.”

Mutumin Garbadu ya ja bargo ya cusa a baki, gadonsa na girgiza har ƙarfen na ƙara. Baba ya dube shi da mamaki, ya ce Allah ya ba bawan Allah nan lafiya, da alama zazzaɓi ya kama shi. Sannan ya ce, “Tambayi wancan ya jikin nashi.”

Na ce a ce masa da sauƙi. Kuma da sauƙin, fiye da yadda zan iya faɗa. Na kwanta ina kallon silin, ina ta ƙoƙarin tuna wace taga ce a ajina, da ranakun Talata nawa na yi ina daka wa yara tsawa ban san wa ke saurare ba.

Washegari na yi gaggawar tashi zaune, sai kaina ya sara kamar an buga mini taɓarya. In na kwanta ya lafa, in na tashi ya dawo. Sista ta ce yakan faru, ɗan ruwan baya ne ke tsiyaya ta inda allura ta shiga, zai toshe da kansa. Ta ce in kwanta, in sha ruwa da yawa da shayi mai kauri. Baba kuwa garau, har ya fara takawa a baranda yana dafa bango. Ya ce wa ƙanena, “Ce ma wancan, da ya bari an sa shi barci irin na manya. Ni ban ji komi ba, ban ga komi ba, ban ce komi ba.” Na danna matashi a mara na juya fuska bango.

Da aka sallame mu, likita ya ce hanyar Faru ta yi wa sabon ɗinki tsauri, Baba ya zauna a Mafara har a cire zare. Karo na farko ke nan da ya kwana a gidana. Aka kafa mana doka ɗaya: kada wanda ya ɗaga abin da ya fi buta nauyi, ba gudu, ba yunƙuri. Kullum da hantsi sai a shimfiɗa mana tabarmi biyu a inuwar zaure ta ciki, kowa da matashinsa na dannawa in tari ya zo.

Wata rana maiɗakina ta shanya shinkafar da ta turara a tsakar gida, ta tafi barka maƙwabta, ta ce mu sa ido. Yara na makaranta, ƙanena ya koma gida. Ba a jima ba sai ga akuyar maƙwabta ta turo ƙofa, ja mai farin goshi. Ta dube mu. Ta dubi shinkafa. Ta taka a hankali ta sa baki.

“Kai! Fita!” na ce, iyakar ƙarfin da ɗinki ya bari. Ko kunne ba ta kaɗa ba.

“Cas!” in ji Baba. Ya lalubo takalminsa ya jefa. Takalmin ya faɗi a rabin hanya, shi kuma ya ce “wash” ya rungume matashi. Na jefa nawa, ya faɗi kusa da nasa. Na yunƙura zan tashi, sai da na bi ta gwiwa, na kama bango, na miƙe a lanƙwashe, na fara takawa kamar hawainiya. Akuya ta jira har na kusa, sannan ta zagaya ta koma ɗaya gefen tabarmar shanya ta ci gaba. Na juya. Ta sake zagayawa. Baba na daga zaune yana ba da umarni ga bango, tunda babu wanda zai aika: “A tare ta ta gabas! A’a, ta yamma!”

Na gaji na dawo na zauna ina haki. Muka zuba mata ido, magidanta biyu, manoma, ta ci har cikinta ya yi tulu. Da ta ƙoshi ta yi miƙa, ta tako har inuwar zaure, ta kwanta a tsakanin tabarmata da ta Baba tana tuƙa. A haka maiɗakina ta dawo ta same mu mu uku.